Ƙofa Ɗaya a Unguwa: Yadda Birazil Ta Rage wa Talaka Yawon Ofisoshi

Kafin watan Oktoba na 2003, gwamnatin tarayyar Birazil tana da shirye-shirye huɗu na ba wa talakawa kuɗi, kowanne da ubangidansa. Ma'aikatar ilimi tana biyan iyayen da 'ya'yansu ke zuwa makaranta. Ma'aikatar lafiya tana biyan masu juna biyu da masu goyo. Ma'aikatar ma'adinai da makamashi tana bayar da 'yan kuɗin gas na girki. Ga kuma sabuwar ma'aikatar yaƙi da yunwa, wadda ta shigo da nata katin abinci. Kowace da jerin sunayenta da sharuɗɗanta. A lungu ɗaya sai a tarar da gidan da ke karɓa daga wuri uku, maƙwabcinsa kuwa da ya fi shi shiga ƙunci ko sisi bai taɓa gani ba.

Matsalar gidan talaka a birni ba ta zuwa ɗaya-ɗaya. Yarinyar da ta daina zuwa makaranta, in an bi diddigi, sai a ga uwarta ce kwance, ita ke riƙe da ƙanne. Uwar ta kasa zuwa asibiti don babu kuɗin mota, kuɗin motar kuwa babu ne saboda mijinta ya rasa aiki, ga mai gidan da suke haya yana barazanar fitar musu da kaya waje. Abu ɗaya ne a ƙulle, amma gwamnati ta yanka shi gunduwa-gunduwa ta raba wa ofisoshi biyar da ba sa ko gaisawa. To, wa zai haɗa su? Ita wannan matar marar lafiya. Ita ce masinjan da ke ɗaukar takarda daga wannan taga zuwa waccan, tana maimaita labarinta ga kowane sabon ma'aikaci, ana ce mata ta je ta dawo gobe. Abin da Birazil ta kwashe fiye da shekara 20 tana fama a kai shi ne ta karɓe wannan aikin daga hannun talaka ta ɗora shi a wuyan hukuma, kuma a cikin unguwa ake gane ko an yi nasara ko ba a yi ba.

A da can, taimakon talaka a ƙasar harkar matan manya ce. A 1942 Darcy Vargas, uwargidan shugaba Getúlio Vargas, ta kafa wata babbar hukumar agaji da ake kira LBA, aka kuma mayar da shi al'ada cewa matar shugaban ƙasa ce ke jagorantar ta. Jihohi da ƙananan hukumomi suka bi sahu: matar gwamna da matar magajin gari su ne masu rabon bargo da kayan abinci, ana ta ɗaukar hoto. Mai karatu a Kano ko Maraɗi ba sai an yi masa dogon bayanin wannan ba. Tsarin mulkin da aka yi a 1988, bayan sojoji sun koma bariki, ya ce agaji haƙƙin ɗan ƙasa ne da ke kan hukuma. A 1993 aka yi dokar da ta fayyace hakan, a 1995 kuma aka rufe LBA bayan sunanta ya ɓaci da zarge-zargen almundahana. Sai dai an ƙara shekaru kafin mutanen unguwa su ga canji da idonsu.

Tubalin farko shi ne rajista guda ɗaya. Gwamnatin Fernando Henrique Cardoso ta ƙirƙiro ta a 2001 da sunan Cadastro Único. Da shugaba Lula ya hau mulki a 2003, ya narkar da waɗancan shirye-shirye huɗu cikin guda, wato Bolsa Família, ya kuma ce da wannan rajistar kaɗai za a yi aiki. Farkon abin bai yi daɗi ba. A 2004 gidan talabijin na Globo ya nuna masu hali suna karɓar kuɗin talakawa, aka kuma yi ta ƙorafin cewa ba wanda ke duba ko yaran suna zuwa makarantar da gaske. Gwamnati ta sa aka sake tantance sunaye a faɗin ƙasar, sannan a 2006 ta fito da wata dabara mai wayo: kowace ƙaramar hukuma za a riƙa ba ta kuɗin gudanarwa gwargwadon kyan rajistarta da yadda take bibiyar makaranta da awon yara. Magajin garin da ya bar sunayen unguwanninsa suka tsufa, aljihun hukumarsa ne zai ji a jika.

Rajistar ba jerin sunayen masu karɓar kuɗi ba ce kawai. Duk gidan da abin da ke shigo masa, in an raba kan mutanen gidan, bai wuce rabin mafi ƙarancin albashi ba, yana da damar shiga. Ana rubuta mutum nawa ne a gidan, shekarunsu, iya karatunsu, sana'arsu, ko akwai mai naƙasa, da me aka gina ɗakin, daga ina suke samun ruwa, ina ƙazanta ke tafiya. Kowa yana da lambarsa, kuma dole a sabunta bayanan aƙalla duk shekara biyu. An fi so mace ta tsaya a madadin gidan, shi ya sa mafi yawan katunan Bolsa Família suna hannun mata. Bankin gwamnati na Caixa ke biya kai tsaye, ba ta hannun kansila ko shugaban jam'iyya ba. Yau shirye-shirye fiye da 20 ke ɗiba daga wannan rajista: rangwamen kuɗin wuta, gidaje masu sauƙin kuɗi, yafe kuɗin jarrabawar shiga jami'a, tikitin mota na kyauta ga tsofaffi. Mace ta ba da labarin gidanta sau ɗaya, ofisoshi su ke da nauyin karantawa.

Amma kwamfuta ba ta ƙwanƙwasa ƙofa. Don haka daga 2004 zuwa 2005 aka tsara wani tsarin agaji na ƙasa baki ɗaya, wanda ginshiƙinsa wani ɗan ofishi ne da ake kira CRAS. Sharaɗinsa na farko shi ne wurin da za a kafa shi: cikin unguwar da talauci ya fi katutu, ba a sakatariya ba. Kowane CRAS yana da iyakar yankinsa, daga gidaje 2,500 a ƙananan garuruwa zuwa 5,000 a manyan birane. A babban birni ƙa'ida ta ce a samu ƙwararru huɗu, cikinsu har da jami'an walwalar jama'a biyu da masanin halayyar ɗan Adam, sai mataimaka huɗu da shugaba. Akwai irin waɗannan ofisoshi fiye da 8,000 a ƙasar da ke da ƙananan hukumomi kimanin 5,570. Ba asibiti ba ne, ba makaranta ba ce, ba kuma banki ba. Aikinsa shi ne ya san gidajen yankinsa, ya san duk wata hidima da ke kusa, ya tura mutum inda ya dace, sannan ya bi sawu ya ji ko an karɓe shi. Lamarin da ya yi nauyi, kamar dukan mace, cin zarafin yaro ko yaran da ke kwana a titi, ana miƙa shi ga wani ofishin na musamman mai suna CREAS.

Birnin Belo Horizonte ya riga tarayya gwada irin wannan. A 2002 hukumar birnin ta zaɓi unguwa ɗaya mafi rauni a kowane ɗaya daga shiyyoyinta tara na lokacin, ta ce lafiya, ilimi, agaji, wasanni da al'adu duk su taru a kan waɗannan gidaje, su yi aiki da taswira ɗaya. Shirin shi ne BH Cidadania. Abin da ya bambanta shi da tarukan da aka saba shi ne matakin da ake haɗuwa. Kwamishinoni da daraktoci suna iya zama a otal su sa hannu a yarjejeniyar aiki tare, a ci a sha a watse, unguwa ba ta san an yi ba. A nan kuwa masu zaman su ne shugabar makarantar unguwar, da mai riƙe da ƙaramin asibitinta, da jami'ar agaji, mutanen da in an ambaci gidan wane sun san ƙofarsa. Tsohon magajin garin wannan birni, Patrus Ananias, shi ne ya riƙe ma'aikatar raya jama'a ta tarayya daga 2004 zuwa 2010, a shekarun da CRAS ya bazu ko'ina.

Ƙafar da ta fi shiga lungu kuwa ta ma'aikatan lafiya na gida-gida ce. Asalinsu jihar Ceará ta arewa maso gabas, inda a lokacin farin da aka yi a 1987 gwamnati ta ɗauki dubban mata 'yan ƙauye da unguwanni ta koya musu awon jarirai, haɗa ruwan gishiri da sukari, da bibiyar allurar rigakafi. Mutuwar jarirai ta faɗi ƙasa sosai cikin 'yan shekaru, tarayya ta ɗauki tsarin a 1991, a 1994 kuma ta gina shirin lafiyar iyali a kansa. Kowace tawaga tana da likita, da nas, da mataimakiyarta, da 'yan gida-gida kaɗan, a ƙa'idar da aka bi kafin 2017 tana kula da mutum wajen 3,000 zuwa 4,000. Kowace ma'aikaciyar gida-gida ba ta wuce mutum 750 ba, ana so ta leƙa kowane gida sau ɗaya a wata, kuma wajibi ne ta kasance 'yar unguwar. Ita ke ganin tsohuwar da ta kwana biyu ba ta fito ba, da yaron da ke ramewa, da matar da ta ce wai faɗuwa ta yi alhali fuskarta ta nuna wani abu daban.

Inda waɗannan igiyoyi suke haɗuwa shi ne rajistar aji, kuma nan ne ya fi cancanta a tsaya a duba da kyau.

Bolsa Família yana da sharuɗɗa. A tsarinsa na farko, yaro ɗan shekara 6 zuwa 15 dole ya halarci aƙalla kashi 85 cikin ɗari na darussa, ɗan 16 da 17 kuma kashi 75. Ƙananan yara sai sun yi rigakafi da awo, mai ciki sai ta je awon ciki. Duk wata biyu makarantu suna shigar da halartar kowane yaro cikin kwamfuta, kuma in yaro ya gaza ba a tsayawa ga rubuta cewa bai zo ba, akwai gurbin dalili: rashin lafiya, rashin abin hawa, ciki, aikatau, tashin hankali a gida ko a hanya. Asibitocin unguwa su ma suna aika nasu duk wata shida. Gidan da ya saɓa, takardar gargaɗi ake fara aika masa. In an sake, a riƙe kuɗin wata guda. In abin ya ci gaba, a dakatar na ɗan lokaci. Cire suna gaba ɗaya shi ne matakin ƙarshe, kuma ba a cika kaiwa can ba. Dalili shi ne jerin gidajen da suka saɓa yana isa teburin CRAS na unguwar, jami'a ta tashi ta je gidan. In ta tarar da abin da ke hana yarinya makaranta ya fi ƙarfin iyayen, tana da ikon neman a jingine horon na wata shida yayin da take aiki da su: a samo wa ƙanne gurbi a gidan renon yara, a haɗa uwar da tawagar lafiya, a duba ko kakan da ke ɗakin baya ya cancanci alawus ɗin tsofaffi da masu naƙasa wanda tsarin mulki ya tanada.

Wannan shi ne zuciyar al'amarin. Rashin zuwan yaro aji, wanda a wani tsarin hujjar kora ce, a nan ƙararrawa ce da ke kiran ofisoshi uku zuwa gida ɗaya. Akwai masu sukar sharuɗɗan tun daga tushe, suna cewa bai kamata a gindaya wa mai jin yunwa sharaɗi ba, kuma suna da magana. Amma sharaɗin bai ɗaure talaka shi kaɗai ba. Ya tilasta wa ma'aikatun ilimi, lafiya da agaji su riƙa musayar bayani a kan yara miliyoyi, suna da suna, duk 'yan watanni, abin da babu wata takardar umarni da ta taɓa sa su yi.

An auna sakamakon. Wani bincike da mujallar likitanci ta The Lancet ta buga a 2013 ya duba ƙananan hukumomi 2,853 daga 2004 zuwa 2009, ya gano cewa inda shirin ya kafu sosai mutuwar yara 'yan ƙasa da shekara 5 ta ragu da kashi 17 cikin ɗari, mutuwar da tamowa da gudawa ke jawowa kuwa ta ragu da fiye da rabi. Wani nazarin ya nuna tasirin ya fi ƙarfi inda kuɗin da tawagar lafiyar iyali suka haɗu a wuri ɗaya. A waɗannan shekaru shirin yana cin wajen rabin kashi ɗaya cikin ɗari na arzikin da ƙasar ke samarwa a shekara, yana kuma kaiwa ga gidaje kimanin miliyan 14 a 2013. A 2014 hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta cire Birazil daga taswirar ƙasashe masu fama da yunwa.

Kada a ɗauka aljanna ce. Lafiya da ilimi suna da kason da tsarin mulki ya keɓe musu a kasafin kuɗi, agaji ba shi da shi, don haka da tattalin arziki ya karye, aka kuma ƙayyade kashe kuɗin gwamnati a 2016, CRAS na cikin waɗanda suka fara jin jiki. Ma'aikata da yawa na wucin gadi ne, sabon magajin gari ya zo da nasa, amanar da aka gina da gidaje ta tafi da wadda ta tafi. A wasu unguwannin Rio de Janeiro, 'yan daba masu bindiga su ke yanke ranar da ma'aikaciyar lafiya za ta iya fita. Sau da yawa iyakar yankin asibiti daban, ta makaranta daban, ta CRAS daban, sai gida ɗaya ya zama na ofisoshi uku da ba su taɓa zama tare ba. Ga kuma tambayar da ba ta ƙarewa: sirrin gidan mutum da ya faɗa wa nas, wa ke da hurumin karanta shi?

Annobar korona ta tona wani gibin. Da aka buɗe tallafin gaggawa a 2020, mutum wajen miliyan 68 suka karɓa, kuma miliyoyi daga cikinsu, 'yan tireda, masu ƙananan sana'o'i da 'yan aikin yini, ba sa cikin rajistar sam, ta manhajar waya suka shiga. Bayan nan gwamnatin shugaba Bolsonaro ta sauya shirin zuwa Auxílio Brasil, ta sa mafi ƙarancin kuɗi iri ɗaya ga kowane gida, mai mutum ɗaya da mai mutum bakwai. Mutane ba wawaye ba ne. Gidaje suka fara rabuwa a takarda, adadin masu cewa su kaɗai suke zaune ya ninka fiye da biyu cikin kusan shekara guda, jama'a na kwana a layi a ƙofar CRAS, jami'an da ya kamata su shiga gidaje suka koma masu cike fom. Da aka dawo da Bolsa Família a Maris 2023, da ƙarin kuɗi ga kowane ƙaramin yaro, sai da aka sake doguwar tantancewa.

Wannan tunani ya daɗe da isowa Najeriya, sai dai a warwatse. Tun 2016 ake gina rajistar masu ƙaramin ƙarfi ta ƙasa da tallafin Bankin Duniya, inda jama'ar gari ke zama su tantance waɗanda suka fi buƙata, aka kuma riƙa biyan wasu gidaje naira 5,000 a wata. An fi mayar da hankali kan karkara, shi ya sa a 2021 aka buɗe wata ta gaggawa saboda talakan birni. A Yulin 2023 kuma majalisar tattalin arziki ta ƙasa, wadda gwamnoni ke ciki, ta nuna shakku kan sahihancin rajistar. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne rajistar tana tsayawa ne a biyan kuɗi. Ba ta da ofishin da ke zaune a Kurna ko Rigasa, wanda hedimasta zai aika wa suna, jami'a ta ɗauki jakarta ta nufi gidan.

Amma arewa ta taɓa yin irin wannan aiki, ta kuma yi shi da kyau, a yaƙi da shan inna. Bayan ƙaurace wa rigakafin da aka yi a 2003, an shigo da sarakuna, hakimai, dagatai da masu unguwa cikin tafiyar. A 2012 aka buɗe cibiyar ayyukan gaggawa inda jami'an gwamnati da na hukumomin duniya ke zama ɗaki ɗaya suna duba alƙaluma ɗaya, jihohi irin su Kano suka buɗe nasu. An ɗauki mata 'yan unguwa masu wayar da kai, suna rubuta masu ciki da jarirai gida-gida, suna halartar taron suna don kada jariri ya kuɓuce. Da iyaye suka yi ta ƙorafin cewa kullum ɗigon shan inna ake kawo musu alhali zazzaɓin cizon sauro ke kwantar da 'ya'yansu, aka buɗe sansanonin lafiya inda ake duba sauran cututtuka a ba da magani. Yaro na ƙarshe da ƙwayar cutar ta asali ta kama a Jihar Kano an same shi ne a Sumaila a Yulin 2014, a Agustan 2020 kuma aka tabbatar da Afirka ta rabu da ita.

Wato kayan aikin suna nan. Jihar Kano tana da mazaɓu 484, tsarin lafiya matakin farko ya tanadi kwamitin raya kowace mazaɓa, mai unguwa ya san wanda ya tare jiya da wadda mijinta ya gudu ya bari da yara, masallaci da masu rabon zakka suna da nasu jerin, makarantar allo da ta boko suna da nasu. Sai dai mai unguwa ba shi da kasafi, kuma ba zai iya umartar asibiti ba. Jerin da matan da ke aikin rigakafin shan inna suka tara an yi shi ne don cuta ɗaya, yawancinsu kuma 'yan sa-kai ne da ke karɓar ɗan ihsani daga kuɗin masu ba da agaji na waje, wanda ke raguwa da zarar an ce an ci nasara. A Birazil doka ta amince da aikin gida-gida a matsayin sana'a tun 2002, a 2022 kuma aka gyara tsarin mulki aka rubuta cewa albashin waɗannan ma'aikata ba zai gaza ninki biyu na mafi ƙarancin albashi ba, kuma gwamnatin tarayya ce za ta biya.